Dalar da Alhaji Lawali Ya Liƙa Mini a Goshi

Na sauka a tashar bas ta tsakiyar Greensboro da jaka ɗaya, da takalman wasa rataye a wuya, da lambar wayar mutumin da ya ce zai zo ya tarbe ni. Shi ne dillalin da ya haɗa ni da makarantar da ta ɗauke ni wasan ƙwallon kwando. Makarantar ta ɗauke mini kuɗin karatu saboda tsawona da iya wasana, amma ta ce masauki nawa ne. Don haka tun ina Zariya Babanmu ya tura wa dillalin kuɗin ɗaki na shekara guda. Na kira lambar har yatsana ya gaji. Da farko tana shiga, daga baya aka kashe ta. Har yau ban ƙara jin muryarsa ba, kuma ban yafe ba.

Ni ba mai saurin karaya ba ne. Tun ina firamare ake ce mini Habibu Dogo, na saba kallon mutane ta tsakar ka. Amma ranar nan, a kan bencin tasha, ban san kowa ba kuma ban san inda zan kwana ba, na ji tsoro na gaske. Da la'asar ta yi na shimfiɗa rigar sanyina a wani lungu na yi salla. Ina sallamewa na ji Hausa a bayana.

"Allah ya karɓa, Dogo. Amma fa Meziko ka kalla, ba alƙibla ba."

Na waiga. Wani gajeren dattijo ne mai tumbi, cikin jallabiya fara, ya ɗora hular hana-salla ruwan goro. Ya ce sunansa Alhaji Lawali, mutumin Maraɗi, yana sayen tsofaffin motoci yana aikawa gida, ya zo karɓar wani saƙo ne. Na ba shi labarina a tsaye. Ya tsine wa dillalin tas, sannan ya tambayi makarantar da ta kawo ni. Ina faɗa ya ja da baya kamar na taka masa ƙafa.

"Masu kore? Duk lakkwal ɗin, duk makarantun da ke ƙasar nan, ka rasa inda za ka sai wurin waɗannan? Bon, ɗauko jakarka. Ba laifinka ba ne, yaudararka aka yi sau biyu."

Ba zan kama sunan makarantun nan ba. Tamu ƙarama ce a gefen gari, launinta kore. Ta su Alhaji, abokiyar gabarmu, tana can tafiyar sa'a guda a mota, launinta ruwan goro. Gabar da ke tsakaninsu ta girmi duk wanda ke raye yau, kuma na tambayi mutane da yawa abin da ya haddasa ta, ba wanda ya sani. Akwai gidajen da ba a sa koren labule saboda mu. Akwai maigadin makarantarmu da ba ya shan lemo mai ruwan goro. Shi Alhaji 'yarsa ta fari ce ta yi karatun haɗa magunguna a can. Ta kai shi kallon wasa sau ɗaya, shi ke nan abin ya shiga jininsa. Yana da kujerarsa ta dindindin a filinsu, duk shekara yana sa wa ƙungiyarsu gudummawa, kuma ya fi Turawan iya zagin masu kore.

Kwana huɗu na yi a gidansa kafin ya samo mini ɗaki a Glenwood, wani tsohon gida mai ƙarar katako da ɗalibai suka cika. Daga nan bas biyu nake hawa zuwa makaranta, in canja a tashar da muka haɗu. Watannin farko sun ba ni wuya. Koci yana magana kamar yana tauna ƙarfe, ba na kama rabin abin da yake faɗa. Abincinsu ba yaji, ba daddawa. Kowa yana yi maka murmushi amma ba wanda zai tambayi mutanen gidanku. Wata rana a bas na ji ƙanshin turaren da Innarmu ke sawa a jikin wata mata, sai da na wuce wurin saukata ban sani ba.

Abin da ya riƙe ni shi ne Lahadi. Duk Lahadi Alhaji zai zo ya ɗauke ni zuwa McLeansville, can bayan gari inda gidaje ke warwatse cikin gonaki, gidansa kuma zagaye da motocin da ke jiran jirgin ruwa. Hajiya Rabi, matarsa, za ta ajiye mini tuwon shinkafa da miyar kuka a kwanon da ta ce nawa ne ni kaɗai, don ta lura ba na ƙoshi da malmala biyu. Alhaji zai zauna gefe yana tsokanata.

"Ci da kyau, Dogo. Masu kore ba su da abin ba ka sai ciyawa."

"Baba, bara wa ya ci wani?"

"Alƙalin wasa ne ya ci, ba ku ba."

In zai sauke ni, sai ya kama hannuna ya danna mini 'yar takarda a naɗe. "Ungo, ka sha ruwa." Nakan ce a'a sau ɗaya, ya harare ni, in karɓa da hannu biyu in yi godiya. Haka aka rene mu. Yaron da babba ya miƙa masa abu ya mayar, a gidanmu sai an kira shi an tambaye shi ko lafiya.

A makaranta kuwa akwai wata mata mai kula da dokokin wasanni, 'yan wasa suna ce mata Uwar Doka. Farkon kowace shekara takan tara mu ta ce kada mu karɓi kyauta daga masu ɗaure wa ƙungiyoyi gindi, ko kuɗi, ko riga, ko abinci. Ni takan ware ni ta ƙara mini. 'Yan ƙasa yanzu an ba su damar yin talla da sunansu, amma mu masu bizar karatu ko wannan ba mu da ita. In aka cire ni daga ƙungiya, kuɗin karatu ya tafi. In kuɗin karatu ya tafi, biza ta bi shi. Na gane sarai, na sa hannu. Amma ko a mafarki ban taɓa sa Alhaji cikin maganar nan ba. A kaina Alhaji ba mai ɗaure wa ƙungiya gindi ba ne, uba ne, kuma abin da uba ya danna maka a hannu ba ka kiransa kyauta.

Wanda na san dokar take nufi shi ne Mai Katifa. Wani attajiri ne mai manyan shagunan katifu, koren jini ne na ƙarshe, yana shiga ɗakin canja kayanmu kamar ɗakin matarsa. A shekarata ta biyu ya tare ni a wurin ajiye motoci, ya dafa ni, ya ce akwai aikin hutu a shagonsa, ba sai na je ba, albashi zai riƙa zuwa. Ya zura mini ambulan a aljihun jaka. Na ciro na mayar masa. Ba don na fi kowa tsoron Allah ba. Na tuna yadda Babanmu ya sayar da filinsa na Dakace ne, kuma na san in aka kore ni ba fili na biyu. Abokan wasana suka yi ta yi mini dariya, suna zuwa atisaye da sababbin motoci ni ina sauka daga bas. Ban damu ba, ni na san abin da ya kawo ni.

A shekarata ta uku asiri ya tonu. Magoya bayan masu ruwan goro ne suka tono shi. Mutanen nan ba su da aikin yi sai bin diddiginmu, su suka ɗauki hotunan motocin, suka gano sunayen 'yan wasa a jerin ma'aikatan shagon Mai Katifa da ba su taɓa taka ƙofarsa ba. Da aka fara bincike sai ga mataimakin koci shi ma yana yankar rabonsa daga kuɗin tafiye-tafiye. Aka dakatar da mutum biyar. Ni aka juye ni ciki da bai ba a sami komai ba, na riƙa yawo a makaranta ƙirji a buɗe. Alhaji kuwa salla ta zo masa. A masallaci ranar Juma'a, gaban mutane, sai ya ce, "Dogo, ina taka katifar? Ko kai tabarma suka ba ka?"

Ana cikin haka wasanmu da su ya zo, ranar Asabar da rana, a filinmu. Magoya bayansu suka zo da matasan kai suna ɗagawa sama, suna watsa mana kuɗin takarda na wasan yara. Namu suna ramawa da zagi. An cire mana mutum biyar, kowa ya ɗauka za a yi mana kaca-kaca. Ni kuwa ranar nan na yi wasan da ban taɓa yi ba. Duk ƙwallon da ta taso sama tawa ce. Na danna ƙwallo a kwando, na tare, na ƙwace, har na hango Alhaji cikin jama'arsa ya cire hula yana fifita. Saura daƙiƙa biyu suna gabanmu da maki ɗaya, aka ture ni, alƙali ya ba ni jifa biyu na kyauta. Fili ya yi tsit. Ta farko ta bugi ƙarfe ta dawo. Ta biyu ta zagaye bakin kwando ta faɗo waje.

Ina fita kai a sunkuye, sai ga Alhaji ya ratso mutane ya sauko har bakin hanyar da muke wucewa. Murna ta cika shi, tausayina kuma ya kama shi.

"Ɗaga kanka, ɗana. Yau ka yi wasan maza. A Maraɗi ɗan kokowa ko an ka da shi, in ya yi irin wannan, sai an karrama shi."

Ya zura hannu a aljihu, ya ciro dala sabuwa fil, ya yi ɗage a kan yatsun ƙafa, ya liƙa mini a goshi. Gumi ya riƙe ta. Ni kuma jikina ya yi abin da ya saba, na rusuna na ce, "Na gode, Baba."

Kafin in fito daga wanka hoton da wani ya ɗauke mu ya gama gari. Ka duba abin da idon Ba'amurke ya gani: mutum cikin launin abokan gaba yana manna kuɗi a goshin ɗan wasan da ya zubar da jifa biyu yanzu-yanzu, ɗan wasan kuma ya durƙusa yana godiya. Masu ruwan goro suka ce masu kore yanzu a fili ake sayensu. Namu suka ce na sayar da wasa. Aka rubuta mini maci amana a ƙofar ɗaki. Direban bas da muke gaisawa kullum ya kau da kai.

Washegari Innarmu ta kira. Ina ɗagawa na ji guɗa. Hoton ya isa Zariya, ƙannena sun nuna mata.

"Habibu, ashe har da dala ake maka liƙi? Allah ya yi maka albarka, ya saka wa bawan Allahn nan. Duk unguwa an gani."

Na ce amin. Na kasa gaya mata cewa hoton da take yawo da shi gida-gida shi ne zai iya dawo da ni hannu wofi, saura shekara ɗaya in gama. Da na ajiye wayar na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Ranar Litinin koci ya kira ni ofis ya rufe ƙofa. Ya ce kwamiti zai zauna da ni ranar Alhamis, kuma hanya ɗaya ce. "Ka ce ba ka san shi ba. Wani mahaukacin ɗan adawa ne ya zo ya wulaƙanta ka bayan an cinye ku. Kowa zai yarda, don haka suke. Shi za a hana shi shiga filayen wasa, ƙila 'yan sanda su yi masa 'yan tambayoyi, kai kuma ka ci gaba da karatunka."

Ba zan yi ƙarya ba, maganar ta zauna mini. Na yi kwana biyu ina juya ta. Ranar Laraba na roƙi wani ɗan Nijar mai tasi ya kai ni McLeansville. Na tarar da Alhaji zaune a kan tayar mota a tsakar gida, ba hula, ya faɗa kamar wanda ya tashi daga jinya. 'Yarsa ta yi masa bayanin abin da ya jawo. Ban kai ga buɗe baki ba ya riga ni.

"Na san abin da za su ce ka faɗa. Ka faɗa. Ka ce ba ka san ni ba, wallahi na yafe duniya da lahira. Ni tsoho ne, kallon wasan balo ba farilla ba ne. Kai ubanka fili ya sayar."

Hajiya tana tsaye bakin ƙofar kicin, ta juya ta share ido da gefen mayafi. A nan na gama shawara. Da ya roƙe ni in rufa masa asiri ne, wataƙila da na yi ta wasiwasi. Amma mutumin da ya tsince ni a tasha ya ba ni izinin in ce ban san shi ba, na ji in na faɗa ba zan ƙara iya haɗiye tuwon kowa a duniya ba.

Ranar Alhamis mutum uku ne a tebur, Uwar Doka a tsakiya, hoton a gabanta.

"Ka san wannan mutumin?"

"Na san shi. Babana ne na garin nan."

Koci, da ke zaune a gefe, ya rufe ido.

"Ya taɓa ba ka kuɗi kafin wannan rana?"

"Duk Lahadi, tun zuwana. Da abinci."

Na ciro wayata na nuna musu bikin yayata, mata suna liƙa wa amarya kuɗi a goshi. Na nuna musu 'yan dambe da 'yan kokowa. Na ce a wurinmu wanda zai saye ka a ɓoye yake kiranka, kamar yadda Mai Katifa ya kira ni na ƙi. Wanda ya liƙa maka a gaban jama'a cewa yake yi ku duba, wannan nawa ne. Suka yi ta kallon juna. Abin da ya wanke ni daga zargin sayar da wasa kuwa abin dariya ne. Sun ɗauko tarihin wasannina suka ga tun zuwana ban taɓa iya jifan kyauta ba, kusan rabi nake zubarwa. Shekara uku koci yana zagina a kan haka, ranar nan shi ya zama shaidata.

Amma maganar Lahadi ba ta wanku ba. Alhaji sunansa yana cikin masu ba wa ƙungiyar wasa gudummawa, ko da kuwa ta abokan gaba ce, ni kuma ɗan wasa ne da ya sa hannu a takarda. Makarantar tana tsakiyar abin kunya, tana neman ta nuna wa duniya ta tsarkaka. Aka cire ni daga ƙungiya, aka ce tallafin karatuna zai tsaya a ƙarshen zangon. Na miƙe na gode musu, na fita da ƙafafuna. Na sauko matakala na yi waje.

Alhaji yana waje cikin mota, ya fi sa'a biyu yana jira. Na gaya masa. Ya dafe sitiyari da hannu biyu. Can sai ga Uwar Doka ta fito za ta motarta. Kafin in riƙe shi ya buɗe ƙofa ya nufe ta, da Turancinsa mai haɗe da Faransanci.

"Madam, yanzu yaron nan ɗan wasa ne?"

Ta ce a'a, daga yau ɗalibi ne kawai.

"To akwai dokar da ta hana in ba shi abin da na ga dama?"

Matar nan shekara uku ban taɓa ganin haƙoranta ba. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Babu. Ko ɗaya."

Bai gaya mini abin da zai yi ba. Lahadin da ta biyo na ga filin gidansa ya yi sarari, motocin da ya yi wata da watanni yana tarawa don jirgi sun ragu. A nan ya karyar da su don ya biya mini kuɗin karatu. 'Yan masallaci, 'yan Nijar da 'yan Nijeriya, suka cika abin da ya rage bayan Juma'a. Na ce masa, "Baba, wannan jarinka ne." Ya ce in rufe masa baki, shi ya ɓata shi zai gyara, kuma ko bai ɓata ba ai da ma haƙƙinsa ne.

Da lokacin biya ya yi, da kansa ya kai ni ofishin kuɗi na makarantar da ya yi shekaru yana tsine wa. Yana tafe yana ɗauke ido daga korayen tutoci. Ya sa hannu, matar da ke wurin ta buga hatimi a takardar da za ta riƙe mini biza har in gama. Na karɓe ta da hannu biyu, ina jin nauyinta har ƙirjina. Sannan matar ta miƙa masa wata 'yar koriyar takarda mai danƙo, irin wadda suke ba iyaye su manna a bayan mota. Ya riƙe ta da bakin yatsu biyu har muka fito.

"Me suka rubuta a nan? Ban zo da tabarau ba."

Na ce, "An rubuta, ɗana yana karatu a wannan makaranta."

Ya daɗe yana kallonta. Ranar nan da yamma yana da taron magoya bayan masu ruwan goro, kuma da motar nan zai je. Ya durƙusa a bayan motar, ya goge ƙura da hannun riga, ya ɓare takardar ya manna, ya bi ta da babban yatsa har ta kwanta.

"Bon," ya ce. "Launin dai mummuna ne. Amma maganar gaskiya ce."